Malaman Jami'a da Haƙƙin Mai Karatu: Tarihin Nazarin Dokar Haƙƙin Mallaka da Kwamfuta a Amurka, 1967 zuwa 2021

1.0 Gabatarwa

Dokar haƙƙin mallaka ciniki ce tsakanin mutum uku, watau mai rubutu da mai bugawa da mai karatu. Tun dokar farko da Majalisar Birtaniya ta kafa a 1710, zamanin Sarauniya Anne, aka shirya cinikin kamar haka: a ba marubuci ikon hana a kwafi littafinsa har shekara 14, a ƙara masa wasu 14 in yana raye, daga nan littafin ya zama na kowa. Marubuta da maɗaba'u suna da ƙungiyoyi da lauyoyi masu tsaya musu duk lokacin da za a gyara dokar. Mai karatu kuwa, galibi ba a jin muryarsa a wurin. A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa fannin nazarin haƙƙin mallaka da fasahar dijital ya ginu ne a jami'o'in Amurka sa'ad da waɗansu malaman shari'a suka ɗauki nauyin yin magana da yawun mai karatu. Za mu duba inda suka sha kaye da inda suka ci nasara, da abin da ya bambanta biyun.

2.0 Mafari

Kafin shekarun 1960, haƙƙin mallaka ƙaramin darasi ne a tsangayoyin shari'a. Injin kwafe takardu da kwamfuta su suka tayar da shi. A 1967 Shehun Malami Benjamin Kaplan na Jami'ar Harvard ya buga laccocin da ya gabatar a Jami'ar Columbia, inda ya bi tarihin dokar tun daga Ingila, ya kuma yi hasashen lokacin da za a haɗa kwamfutoci wuri guda mutane su riƙa ɗebo rubuce-rubuce daga cikinsu. Shawararsa ita ce kada a yi gaggawar faɗaɗa ikon masu mallaka. A 1970 wani matashin malami na Harvard ɗin, Stephen Breyer, ya auna dokar da ma'aunin tattalin arziki a kan littattafai da kwafin takardu da manhajar kwamfuta, ya ce hujjar da ake kafawa don ƙara wa dokar ƙarfi ba ta kai yadda ake zato ba.

Majalisar Dokokin Amurka ba ta bi wannan ra'ayi ba. A 1974 ta kafa wani kwamiti don ya duba sababbin na'urori, cikinsa har da Farfesa Melville Nimmer da Farfesa Arthur Miller. Rahotonsa na 1978 ya ba da shawarar a ɗauki manhajar kwamfuta tamkar rubutun adabi, kuma a 1980 aka shigar da haka cikin doka. Marubucin nan John Hersey, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, ya ƙi yarda, bisa dalilin cewa manhaja da inji take magana, ba da mutum ba. A 1984 wata malama, Pamela Samuelson, ta sake bin rahoton ta nuna rauninsa. Abin lura a nan shi ne, dokar 1976 wadda ta mai da wa'adin mallaka tsawon ran marubuci da shekara 50, ita ce kuma ta rubuta ƙa'idar amfani bisa adalci a sashe na 107, watau damar da mutum yake da ita ta ɗauko wani abu daga aikin wani ba da izini ba, don sharhi ko koyarwa ko bincike. A kan wannan sashe ne yawancin gardamar da za ta biyo baya ta tsaya.

3.0 Gardamar Dokar Doki

Da intanet ta bazu, sai tambaya ta taso ko wannan fanni ya cancanci a koyar da shi shi kaɗai. A 1996, a wani taro na Jami'ar Chicago, Alƙali Frank Easterbrook ya ce bai cancanta ba. Ya kwatanta shi da a ce za a buɗe darasin dokar doki: akwai shari'o'in cinikin doki, da na wanda doki ya harba, da na sukuwa, amma ɗalibin da ya tattara su wuri guda ba zai fahimci komai ba sai ya koyi dokar ciniki da ta diyya da ta dukiya gaba ɗaya.

Lawrence Lessig ya ba shi amsa a 1999. Ya ce abubuwa huɗu ne suke tsare halin ɗan Adam: doka, da al'ada, da kasuwa, da yadda aka gina wurin da yake ciki. A intanet, ginin nan shi ne manhaja. Wanda ya rubuta manhaja yana iya hana abin da doka ta halatta, ba tare da alƙali ko ɗan sanda ba. Alal misali, doka ta yarda ɗalibi ya kwafi sakin layi guda don ya yi sharhi a kansa, amma in an kulle littafin da kwaɗon dijital, wannan dama ta tafi. Saboda haka, in ji shi, ɗalibin shari'a zai koyi wani abu a nan wanda ba zai koya a wani darasi ba. Jami'o'i suka bi bayan Lessig. An kafa cibiyar shari'a da fasaha a Berkeley ta Kalifoniya a 1995, da Cibiyar Berkman a Harvard a ƙarshen shekarun 1990, sannan aka buɗe ofisoshin da ɗalibai suke koyon aikin lauya ta hanyar tsaya wa ɗakunan karatu da masu bincike kyauta.

4.0 Inda Aka Sha Kaye

A Satumba 1995 gwamnatin Shugaba Clinton ta fitar da wani rahoto ƙarƙashin Bruce Lehman, wanda ya nemi a haramta ɓalle kwaɗon dijital, ya kuma ɗauki ko da kwafin wucin gadi da kwamfuta take yi a ƙwaƙwalwarta a matsayin kwafi mai bukatar izini. Ma'anar wannan ita ce karatu kansa a fuskar kwamfuta zai koma hannun mai mallaka. Samuelson da Peter Jaszi da Jessica Litman da James Boyle suka yi ta rubutu a kan haɗarin, suka haɗa kai da ƙungiyoyin ma'aikatan laburare. A taron Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya, WIPO, a Janiba cikin Disamba 1996, an cire maganar kwafin wucin gadi daga yarjejeniyar, amma maganar kwaɗo ta shiga. A Oktoba 1998 Amurka ta mai da ita doka mai tsanani a sashe na 1201. Ba a jima ba illarta ta taɓa jami'a kanta: a Afrilu 2001 Farfesa Edward Felten na Princeton ya janye takardar da zai gabatar a kan raunin wani kwaɗon waƙoƙi saboda barazanar ƙara, sai a Agusta ya samu ya gabatar da ita.

Kaye na biyu ya fi wannan ciwo. A 1998 ɗin dai Majalisa ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin mallaka, ya koma ran marubuci da shekara 70, har da ayyukan da aka riga aka wallafa. Lessig ya kai ƙara a madadin Eric Eldred, wani mai sanya tsofaffin littattafai a intanet kyauta. Masana tattalin arziki 17, biyar daga cikinsu masu lambar Nobel, suka rubuta wa kotu cewa ƙarin ba zai sa a yi sabon rubutu na a zo a gani ba. Duk da haka a Janairu 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, alƙalai bakwai da biyu. Ɗaya daga cikin biyun shi ne Breyer, wanda ya zama alƙalin kotun tun 1994. Daga baya Lessig ya ɗora wa kansa laifi, ya ce ya tsaya kan ƙa'idar tsarin mulki maimakon ya nuna wa alƙalai ɓarnar da dokar take yi wa mutane a zahiri.

5.0 Inda Aka Ci Nasara

Nasarorin da aka samu ta wasu hanyoyi biyu suka zo. Ta farko ita ce ƙera kayan aiki. A 2001 Lessig da Boyle da abokan aikinsu suka kafa Creative Commons, wadda ta fitar da lasisinta a Disamba 2002. Da wannan lasisi marubuci yake sanar da duniya tun farko abin da ya yafe daga haƙƙinsa, ba sai an jira Majalisa ba. Wikipedia ta koma kansa a 2009, har da sashenta na Hausa.

Ta biyu ita ce ba alƙalai ma'aunin da za su yi aiki da shi. A 1990 Alƙali Pierre Leval ya buga maƙala a mujallar shari'a ta Harvard, ya ce abin tambaya a ƙa'idar amfani bisa adalci shi ne ko sabon aikin ya sauya tsohon ya ba shi wata manufa dabam. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan ma'auni a 1994. Da kamfanin Google ya soma ɗaukar hoton miliyoyin littattafai a 2004, ƙungiyar marubuta da maɗaba'u suka kai shi ƙara a 2005, suka kuma shirya sulhu na dala miliyan 125 a 2008. Samuelson ta rubuta wa kotu a madadin malaman jami'a cewa yawancin littattafan da ke laburaren jami'o'i malamai ne suka rubuta su, kuma burinsu a karanta su, don haka ƙungiyar ba ta wakilce su ba. Alƙali Denny Chin ya ambaci wannan hujja sa'ad da ya ƙi sulhun a Maris 2011. A 2015 Leval da kansa ya rubuta hukuncin kotun ɗaukaka ƙara cewa aikin neman kalmomi cikin littattafan amfani ne bisa adalci. A 2021 kuma Breyer ya rubuta hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Google da Oracle a kan manhaja, shekara 51 bayan maƙalarsa ta farko. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya cewa malaman nan sun gaza a wuraren da kuɗi da yawan wakilai suke yanke magana, sun kuma yi tasiri a wuraren da hujja take da lokacin nuna, watau mujallu da ajin koyarwa da ƙananan kotuna. Nasarar ma ba tabbatacciya ba ce, domin a 2023 Kotun Ƙoli ta taƙaita ma'aunin Leval a shari'ar zanen Andy Warhol, kuma tun wannan shekara marubuta da jaridu suka shiga kai ƙarar kamfanonin da suke koyar da na'urori da rubuce-rubucensu.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta miƙa takardun amincewa da yarjejeniyoyin WIPO na 1996, tare da ta Marrakesh mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a Oktoba 2017. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ƙunshi haramcin ɓalle kwaɗon dijital da tsarin sauke kayan sata daga intanet. Ke nan sassan da aka yi ta jayayya a kansu a Janiba da Washington su ne ɗalibanmu za su yi aiki da su a kotu. In muka koya musu sassan ba tare da gardamar da ta haife su ba, za su ɗauke su tamkar abin da ba a taɓa musu a kansa ba. Muna ganin ya kamata tsarin karatun tsangayoyin shari'a ya haɗa da wannan tarihi, kuma malamanmu, waɗanda su ma marubuta ne kuma makaranta, su riƙa rubuta wa kotuna da Majalisa ra'ayinsu tun ana kan muhawara.