Tsakanin Zuciya Da Aiki: Darasi Daga Tarihin Gobir

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu ƙasar Gobir, gabashin Sakkwato, domin mu duba wata matsala da ke yawan kayar da mu wajen gina taurarin labari: shin abin da mutum ya ƙudurta a ransa shi ne yake aikatawa?

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan magana. A 1934 wani Ba'amurke mai suna Richard LaPiere ya wallafa sakamakon yawon da ya yi a Amurka tare da wasu ma'aurata 'yan ƙasar Sin, a lokacin da ƙyamar Sinawa ta yi ƙarfi. Sun shiga masaukai da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka kore su. Da ya rubuta wa wuraren wasiƙa daga baya yana tambaya ko za su karɓi Basine, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka ba da amsa suka ce a'a. Daga baya Icek Ajzen ya yi bayanin cewa ra'ayi ba ya zama aiki shi kaɗai. Sai an haɗa shi da abin da mutum yake ganin jama'arsa na so daga gare shi, da kuma ko yana ganin zai iya.

Mu ɗora wannan ma'auni a kan Sarkin Gobir Yunfa. Riwayoyi sun nuna akwai sanayya da girmamawa tsakaninsa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta. Amma da ya zauna a Alƙalawa ya gaji dokokin Nafata na hana rawani da lulluɓi da taƙaita wa'azi, ya gaji fadawan da ke kallon Jama'ar Shehu a matsayin barazana ga sarauta. Aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a shekarar. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya rasa ransa. Girmamawar malami tana nan, amma nauyin kujera da bakin fada suka rinjaye ta.

Sai ɗaya gefen. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, aka ci gaba da gaba da Sakkwato. Daga cikin wannan gida ne Ɗan Halima ya ɓalle, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19, kusa da kufan Alƙalawa. A kudu kuwa ga Isa, ribaɗin zuriyar Muhammadu Bello, wadda ita ma mai mulkinta Sarkin Gobir ake kiransa. Ba lallai ba ne ɗacin 1808 ya gushe daga zukatan waɗanda suka bi Ɗan Halima. Rikicin sarauta a gida da son komawa fadamun kakanni sun isa su sa mutum ya zauna da wanda ubansa ya yaƙa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga kuma abin da Leon Festinger ya lura da shi a 1957: idan aiki ya saɓa wa ra'ayi, sau da yawa ra'ayin ne yake lanƙwasawa ya bi aikin. Zaman dole ya zama maƙwabtaka, kasuwa ta haɗa, aure ya shiga tsakani.

Wannan magana ba ta tsaya a tarihi ba. Yau a ƙauyukan Sabon Birni da Isa akwai manoman da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Marubucin da bai yi zurfin tunani ba zai zana irin wannan manomi a matsayin maci amana ko matsoraci. Ka tambayi kanka: me yake ji game da su? Me dattawan garinsa suka yanke? Wane zaɓi ya rage masa, ga 'ya'ya ga rumbu ba hatsi?

Aikin wannan mako: rubuta shafi ɗaya a kan tauraron da ya aikata abin da zuciyarsa ta ƙi, ba tare da ka zage shi ko ka wanke shi ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.