Aikin Allura Daga Zariya Zuwa Kafanchan: Sunayensa, Dabarunsa Da Lokutan Kasuwarsa

Duk wanda ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa a Owerri, ya san yadda ake rububin riga mai aiki da hular hannu idan Sallah ta matso. Sai dai da yawa daga cikin yaranmu da aka haifa a Kudu suna sa kayan ne kawai, ba su san sunan aikin da ke ƙirjinsu ba. Wasu matan kuma suna da allura da zare a ɗaki, hannunsu na da kyau, amma ba su san inda za su kai abin da suka ɗinka ba. Wannan bayani na masu son aikin allura a gida ne: asalinsa, sunayensa, yadda ake yin sa, da lokutan da yake da kasuwa.

Me ya sa Kafanchan?

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Wajen 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta nan, wani reshe kuma ya nufi Jos. Iyaye da kakannin Hausawa da yawa da ke Gabas a yau ta wannan tasha suka bi. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin garin. Ita kuwa masarautar Jama'a, a ƙarni na 19 tana ƙarƙashin Zazzau ne, kamar Keffi da Nasarawa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga suturar fada da ta malamai ta bi salon Zariya.

Ga kuma wani reshen na daban. Makarantun mishan da na gwamnati a Kudancin Kaduna sun daɗe suna koya wa 'yan mata aikin allura: fure a zanen gado, rigar filo, ƙyallen tebur, da saƙar kwarashi. To, a Kafanchan waɗannan hanyoyi biyu suka gamu. Bahaushiya da 'yar Fantswam da 'yar Bajju da 'yar Atyap da 'yar Ham duk kasuwa ɗaya suke sayen zare, kuma da Hausa ake cinikin. Amfanin wannan ga mai sana'a shi ne, kakar ciniki ba ɗaya ba ce: akwai Sallah biyu, akwai Kirsimeti da Ista. Wannan ya yi kama da zaman da muke yi a Kudu, inda maƙwabci Bayarabe ne ko Ibo, kuma shi ma yana son kaya mai kyau.

Daga hannun malamai zuwa hannun mata

A da, aikin riga sana'ar maza ce, musamman malamai da almajirai. Mai riƙe alƙalami shi ke zana fasalin aikin a jikin ƙyalle da tawada, sannan masu allura su bi zanen. A zamanin Daular Sakkwato babbar riga ita ce kyautar girma da sarki ke ba wanda ya naɗa ko baƙon da ya girmama. Zariya da Kano da Bida da Ilori duk sun yi suna a kanta.

Zaren da aka fi daraja shi ne tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke zama a bishiyoyi irin su tsamiya. Ana dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa shi ya zama zare. Akwai kuma alharini, jan silikin da fatake ke kawowa ta hamada daga wajen Tarabulus, wanda ake yi wa riga shafi da shi. Ƙyallen kuwa saƙar gida ne, irin su saƙi da barage, ƙwarya-ƙwarya ake haɗawa.

Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana nazarin wannan sana'a, har ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 abubuwa suka sauya a birnin Zariya. Maza da yawa suka koma keken surfani da aikin albashi, matan aure da ke cikin gida suka ɗauki allurar. A 1994 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers tare da haɗin gwiwar Farfesa Elisha Renne, wadda ta koyar a Jami'ar Michigan ta Amurka. Suka ɗauko zanen babbar riga suka sa a rigunan mata, jakunkuna da rigunan filo, har kayansu suka kai kasuwar kayan hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe ta Amurka. Darasin a fili yake: zanen na kakanni ne, amma ba dole sai a babbar riga za a sa shi ba.

Sunayen da ya kamata a sani

Aska: dogayen tsinin nan da ke saukowa daga wuya zuwa kan aljihu, a ɓangaren hagu. Idan biyu ne, aska biyu ke nan. Aska takwas kuwa biyu dogaye ne a gefen wuya, sauran shidan uku-uku.

Tambari: da'irar da ke nannaɗe kamar gammo, a ƙirjin dama da kuma bayan riga.

Gidan biyar: murabba'ai biyar da ake jerawa a cikin aikin aljihu.

Dagi: ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna. Shi ne ya fi sauƙin shiga ko'ina, daga hula har labule.

Malum-malum: rigar da aiki ya cika ta gaba da baya, ta sarakuna da masu hali.

Shafi: ƙyallen da ake bi da shi ta cikin gindin riga, wanda ke bayyana idan an naɗe hannu a kafaɗa.

A ɓangaren hula akwai Zanna Bukar, wadda ta samo suna daga Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Borno a Jamhuriya ta Farko. Akwai kube, damanga, tangaran da 'yar Bama. Haɓar kada ita ce mai kunnuwa biyu, wadda 'yar uwarta ke wurin Yarabawa da sunan abeti aja.

Ɗinki huɗu da komai ke tsaye a kansu

Na farko, ɗinkin sarƙa. Ki fito da allura, ki mayar da ita ramin da ta fito, ki bar ɗan zobe na zare, sannan ki sake fitowa ta cikin zoben. Haka za ki yi ta bi har ya zama kamar sarƙa. Da shi ake zagaya tambari da gefen fure.

Na biyu, ɗinkin huji. Ana huda ƙyallen da tsinke mai santsi ko babbar allura, a ture zaren saƙar gefe ba tare da an yanke shi ba, sannan a zagaye ramin da ɗinki ƙanana a matse. Idan aka jera ɗaruruwansu sai su zama kamar saƙar zuma. Wannan shi ne mai cin lokaci, shi ne kuma mai sa riga tsada.

Na uku, shimfiɗa da dannewa. A shimfiɗa dogon zare a saman ƙyalle, a bi shi da ƙananan ɗinki ana danne shi. Yana rage ɓarnar zare mai tsada, tunda kusan duka zaren a fuska yake zama, ba a baya ba.

Na huɗu, cike. A jera zare kusa da kusa har ƙyallen ya ɓace a ƙarƙashi. Da shi ake cika ganye da fure a zanen gado. Kada tsawon ɗinki ɗaya ya yi yawa, don in ya yi, farce ko ɗan kunne zai fizge shi.

Ga mai farawa

Kada ki fara da shadda mai tsada. Ki samu farin yadi na auduga, ki wanke shi tukuna don ya gama shiga. Ki jiƙa ɗan guntun zaren ki goga a farin ƙyalle, in ya zuba, to ki bar shi, komai kyansa. Tsawon zaren da za ki zura kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa, don dogon zare yana cukurkuɗewa kuma yana dusashewa. Ki zana da fensir ko alli, ba da biro ba. In ƙyallen mai laushi ne, ki ɗaure shi a zoben katako da ake sayarwa wurin masu kayan ɗinki don kada ya tattare. Ki yi aiki da hasken rana gwargwadon hali, don ɗinkin dare da 'yar fitila shi ke gajiyar da ido.

Ki fara da ƙaramin abu da za ki iya gamawa cikin mako guda: rigar filo mai dagi ɗaya, ko wuyan rigar yaro. Sannu ba ta hana zuwa. Idan an gama, a yi wa baki kalmasa mai kyau, a goge ta baya. Babbar riga ta shadda kuwa wurin masu bugu ake kai ta, su buga ta a kan gungume har ta yi ƙyalli. Hula kuma masu wanki ne ke sa mata sitaci su ɗora a kan katako ta tsaya.

Na hannu ne ko na inji?

Nan ne ake yawan cutar mai saye, kuma nan ne ake karya wa mai aikin hannu farashi. Ka juya rigar ka duba cikinta. Aikin injin kwamfuta yana da zaren ƙasa, galibi fari, kuma sau da yawa za ka ga ragowar takardar da aka manna a baya. Kowane fure daidai yake da ɗan uwansa, ba bambanci ko kaɗan. Aikin hannu kuwa za ka ga ƙulli nan da can inda zare ya ƙare, da ɗan bambanci tsakanin huji da huji. Aikin inji ba laifi ba ne, yana da sauri da araha, kuma mutane da yawa na ci da shi. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan na hannu. Aska takwas ta hannu kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Ke kuma mai ɗinki, kafin ki faɗi kuɗi ki lissafa abu uku: ƙyalle, zare, da kwanakin da kika yi. Matsalar da ta fi damun mata masu aiki a cikin gida ita ce, dillali ne ke kawo aikin, shi ke karɓa, shi kaɗai ya san nawa aka sayar. Maganinta shi ne haɗa kai. Mata biyar ko goma a unguwa su sayi zare a sari, su tsayar da farashi ɗaya, su wakilta mutum guda amintacce ya kai kasuwa. Hoto mai haske a WhatsApp ko Facebook ma yana kawo mai saye kai tsaye.

Lokutan kasuwa da wuraren baje koli

A Kudancin Kaduna, ƙarshen shekara lokaci ne mai albarka. An haƙe citta a yankin Kachia da Kwoi da Kafanchan, kuɗi sun shigo hannun manoma, ga bukukuwan aure, ga Kirsimeti. Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, kusa da Kafanchan, wanda ke tara dubban mutane. Bikin Tuk Ham na mutanen Ham kuma a Kwoi ake yin sa wajen lokacin Ista. A garin Kaduna akwai kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ke shiryawa a filinta da ke kan hanyar Zariya. Mai son ganin aikin riga na gaske a jikin masu shi kuwa, ya je hawan Sallah a Zariya ko Kano ko Katsina.

Mu da ke Kudu ma ba a bar mu a baya ba. Kasuwar baje koli ta Legas a watan Nuwamba ake cin ta a dandalin Tafawa Ɓalewa, Inugu ma tana da tata. Bikin Ojude Oba na Ijebu-Ode, wanda ake yi kwana uku bayan Babbar Sallah, taro ne na agbada, kuma ƙungiyoyin sa'anni kan yi anko tun da sauran watanni. Masu aikin riga Hausawa sun daɗe suna yi wa Yarabawa aikin agbada, don haka ƙofa ce da take buɗe. Kuɗin rumfa a manyan wuraren nan yana da nauyi ga mutum ɗaya, shi ya sa ƙungiya ta fi. Kafin nan kuma akwai ƙananan taruka na kusa: walimar sauka, Maulidi, bikin yaye ɗaliban koyon sana'a, da taron mata na unguwa. A nemi izinin masu taro, a ajiye tebur ɗaya.

Abin lura na ƙarshe shi ne lissafin lokaci. Mai son sayar da aikin hannu a Ƙaramar Sallah, tun Rajab ya kamata allura ta fara tafiya, don da azumi ya kama, aikin gida ya ƙaru, ido kuma ya gaji. Na Kirsimeti a fara shi tun Satumba. Wanda zai yi sautun zare da yadi daga Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi a Kano, ya aika da wuri kafin kaya su hau. Idan kuma akwai wata dattijuwa ko wani tsohon mai aikin riga a zangonku da ya iya aska da tambari, a tura yara su zauna kusa da shi tun yana iya zura allura.