Daga Ƙirga Kawuna Zuwa Sauraron Karatun Yaro

Tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025 ake ta cece-kuce kan ko tallafin da aka zuba a makarantun firamarenmu ya tsinana wani abu. Ba a gane amsar sai an duba yadda aka riƙa auna aikin.

Da can ƙirge kawai ake yi. Daga shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 har tarukan duniya kan ilimi na Jomtiyan a 1990 da Dakar a 2000, abin da ake tinƙaho da shi shi ne yawan ajujuwa da sunayen da ke rajista. Ko yaro ya iya karatu, ba a cika tambaya ba.

A 2006 cibiyar RTI ta Amurka ta tsara gwajin karatu na EGRA. Mai gwaji zai zauna da yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takardar baƙaƙe, sannan ɗan gajeren labari, ya danna agogo na minti ɗaya. In yaro ya kasa layin farko, sai a tsaya, a rubuta sifili. A 2011 aka gwada 'yan aji uku a Bauchi da Sakkwato, da Hausa, harshen da akasarinsu ke magana da shi a gida. Mafi yawansu ko kalma ɗaya ba su karanta ba.

Wannan sifilin ne ya sauya akalar tallafi. Shirin RARA na 2014 zuwa 2015 ya horar da malamai tare da raba littattafan Hausa a wasu makarantu, aka kwatanta su da waɗanda ba a taɓa ba. An ga ci gaba, ko da yake bai taka kara ya karya ba. Daga nan shirin NEI Plus ya zo da littattafan Mu Karanta, shirin RANA kuma ya shiga Katsina da Zamfara da kuɗin Birtaniya.

Wasu na cewa dala ce ta yi aikin, wasu na cewa duk cin kuɗi ne. Ni dai ina ganin ribar tana cikin gwajin, domin shi ya tilasta wa hukuma ta saurari bakin yaro. An daɗe ana kashe kuɗi kafin 2011, yara na fita aji shida ba su iya haɗa baƙi ba.

Agogo da takarda ba su fi ƙarfin kowace hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) ba. Jihohi su riƙa wannan gwaji duk shekara da kuɗinsu, su kuma faɗa wa iyaye sakamakon.