Kaffara Bayan Furta Zunubi: Doguwar Tafiya Daga Ailan Zuwa Minna

Idan ɗan Katolika mazaunin Ƙetaren Gwari a Minna ya durƙusa gaban fada, wato limamin coci, ya furta zunubansa, kafin a sanar da shi gafara sai an ɗora masa kaffara: wata addu'a, ko azumi, ko sadaka. Wannan ɗan aiki da yakan kammala cikin mintuna yana da tarihi mai tsawo.

A ƙarnonin farko na Kiristanci, kaffara a bainar jama'a ake yinta. Wanda ya yi kisa, ko zina, ko ya bar addini, yakan sa tsumma, ya shafa toka, a hana shi cin jibin Ubangiji, wani lokaci har shekaru. Galibi sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama a rayuwarsa, shi ya sa da yawa suka riƙa jinkirta tuba sai ajali ya matso.

Sufayen ƙasar Ailan ne suka sauya lamarin a ƙarni na 6 da na 7. Suka mayar da furuci sirri tsakanin mai tuba da fada, ana maimaita shi duk lokacin da aka yi tuntuɓe, suka kuma rubuta littattafai masu ƙayyade kaffarar kowane laifi. A 1215, babban taron coci na Lateran na huɗu ya wajabta furuci aƙalla sau ɗaya a shekara. A 1551, taron Trent ya jaddada abubuwa uku da ke kan mai tuba: nadama, furuci, da kaffara.

Daga wannan ƙasa ta Ailan limaman ƙungiyar Waliyyi Patrick ta Kiltegan suka zo Minna. Ɗayansu, Edmund Fitzgibbon, shi ya shugabanci yankin coci na Minna da aka keɓe a 1964. A 1973 Minna ta zama dayosis, Christopher Abba ya zama bishop na farko, Martin Uzoukwu ya gaje shi a 1996.

Koyarwar cocin ita ce Allah ne mai gafara, ba a sayenta da kaffara. Aikin kaffara shi ne gyara ɓarnar da zunubi ya bari. Ɗan kasuwar da ya tauye mudu sai ya mayar da haƙƙi, wanda ya ɓata sunan maƙwabci sai ya wanke shi a idon mutane. Duk wanda ya fito daga furuci da dukiyar wani a aljihunsa, da niyyar riƙe ta, bai tuba ba tukuna.