Wa Ke Duban Mai Kashe Gobara?

 Yau zan ba ka labarin wani aiki da ya daɗe cikin ikilisiya, watau kula da mutanen da su ke shiga wuta da ruwa domin ceton waɗansu, da iyalinsu kuma.

Bari mu soma daga gida. Ran Asabar 14 ga Fabrairu 1998, taragun jirgin ƙasa masu ɗauke da man fetur suka yi karo a Nsam, nan cikin Yawunde. Mai ya malala ƙasa. Jama'a suka sheƙo da bokiti da jarka, gama da wuya talaka ya ga mai yana zuba ya wuce. Sai wuta ta tashi. Ƙidayar fari ta ce mutum 120 suka mutu, amma da waɗanda suka cika daga baya a asibiti sun haura 200. Ran 21 ga Oktoba 2016 kuma jirgin Duwala ya kife a Eseka, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. A Oktoba 2023 ruwa da laka suka rufto wa gidaje a Mbankolo da dare.

Matattu an ƙidaya su, an yi musu makoki, haka kuwa ya kamata. To, waɗanda suka ɗauke su fa? Wani ne ya sa hannu ya ciro ƙonannen mutum. Wani ne ya tone laka ya iske yaro. 'Yan kwana-kwana na cikinsu, da sojoji, da 'yan Kuros-Ruj, da ma'aikatan asibiti. Amma ka sani, kafin jiniya ta iso, maƙwabta ne su ke wurin, da 'yan acaba, da direbobin tasi, da 'yan dako. Saboda haka maganan nan ta shafi kasuwa. Mutumin ya koma gida, ya wanke hannu, aka kawo tuwo ya kasa ci. Ashe wanda ya kashe gobarar gari ya kan komo da tasa a ciki.

Aikin zama da irin waɗannan mutane yana da asali mai nisa, sai mun leƙa ƙasar Faransa. Cikin ƙarni na 4 akwai wani sojan Rum, sunansa Martin. Wata rana da hunturu ya gamu da wani matalauci yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiyan. Ya zare takobi, ya raba alkyabbarsa biyu, ya yafa masa rabi. Daga baya ya bar soja, ya zama bishop na Tur, ya rasu a 397. Sarakunan ƙasan nan suka ajiye alkyabbar, su kan tafi da ita yaƙi, firistoci suna tsaronta. Da Latin sunan alkyabba kapa, don haka aka riƙa kiran firistocin kapelani, sunan kuwa ya bi dukan malamin addini da ke tafiya tare da mayaƙa. Da Faransanci a kan ce omoniye, asalin kalmar kuwa sadaka ne. Tun 2005 sojan Faransa ma suna da limamai Musulmi masu wannan aiki.

Daga soja al'adar ta ratsa zuwa 'yan sanda da masu kashe gobara. Wanda duniya ta fi sani shi ne Fada Mychal Judge, wanda ya zama limamin 'yan kwana-kwana na birnin Niyu Yok a Amurka a 1992. Yawancin aikinsa ba a bagadi ya ke ba. Ya kan ci abinci tare da su a barikinsu, ya ziyarci wanda ya ji ciwo, ya ɗaura aurensu, ya binne matattunsu, ya koma ga gwauruwa bayan jama'a sun watse. Ran 11 ga Satumba 2001, sa'anda aka kai wa dogayen benayen nan biyu hari, ya bi mutanensa ciki, can ya mutu. Aka ɗauko shi a kan kujera, aka kwantar da shi cikin wata majami'a kusa. Shi aka fara rubutawa cikin littafin matattun wurin. 'Yan kwana-kwana 343 suka mutu a ranan nan.

Likitoci sun makara kafin su ba ciwon suna. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin littafinsu, ciwon da ke bin bayan firgita: mafarki mai ban tsoro, rashin barci, zabura, saurin fushi, gudun duk abin da zai tuna masa. A 1983 wani Ba'amurke, Jeffrey Mitchell, ya shirya hanyar tara ma'aikata bayan masifa kowa ya faɗi abin da ya gani. Amma da aka bincika daga baya, aka iske tilasta wa mutum ya amayar da kome a zama ɗaya ba ya hana ciwon, wani ma ya kan ƙaru. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da wata koyarwa mai sauƙi: ka duba bukatarsa, ka saurara in ya so magana, ka haɗa shi da masu taimako.

Da na karanta wannan sai na tuna da Annabi Iliya, cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babban aikinsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Tambaya ba ta zo ba sai bayan kwana 40, a Horeb. A ƙarshe kuma aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Ni kaina na yi kuskure a nan, ba zan ɓoye ba. Na taɓa zuwa wurin wani mai kashe gobara bayan wani mugun dare. Na buɗe Littafi, na yi ta wa'azin haƙuri har kusan sa'a guda. Ya gode mini da ladabi. Da na fito, matarsa ta biyo ni zaure ta ce, “Malam, kwanansa huɗu bai runtsa ba, ƙanshin tsire ma ba ya iya ji. Ka tambaye shi ko ya yi barci?” Ban tambaya ba. Kunya ta rufe ni.

Matan nan ita ce ta koya mini sauran aikin. Ita ke jin jiniya da dare ta kasa komawa barci. Ita ke hana yara hayaniya don kada uban ya fashe da faɗa, ita ke ɓoye wa dangi cewa ya soma sha. Kowa na tambayarta lafiyar maigida, ba mai tambayarta tata. Yanzu in zan je irin gidan nan na kan tafi da wata dattijuwa ta ikilisiya, ta shiga ciki wurin uwargida, ni in zauna waje da maigida. In Musulmi ne, na kan nemi limaminsa mu yi shawara, gama ya fi ni sanin ƙofar zuciyarsa. In rashin barci ya wuce wata guda, ko mutum ya fara zancen kashe kansa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Na kan raka shi da ƙafata, in jira a benci har likita ya gama da shi.