Dillalin Fayil: Daga Bell Labs Zuwa Memorin Waya

Ka sa filash a kwamfuta ka buɗe hoto, ka koma ka buɗe wani da ke cikin faifan kwamfutar kanta: dannawa iri ɗaya ce. Alhali yadda aka jera bayanai a wuraren nan biyu ya yi hannun riga. Akwai dillali a tsakani. Manhaja tana ce masa buɗe, karanta, rubuta, rufe, shi kuma ya san yaren kowace rumfa. Injiniyoyi suna kiransa VFS, wato tsarin fayil wanda ba shi da faifai ko ɗaya nasa, sai dai ya aika a kawo.

Da farko babu dillali, domin rumfar ɗaya ce. A 1969, a Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix. Kowane fayil aka yanka masa katin shaida mai suna ainod: lambarsa, mai shi, girmansa, wa aka yarda ya karanta, da inda gutsattsarinsa suke a faifai. Sunan fayil kuwa ba ya cikin katin. Folda ce ke riƙe da suna, kuma ita folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, kowane da lambar ainod a gabansa. Shi ya sa fayil ɗaya ke iya amsa suna biyu, kuma gogewa a Unix cire suna ne kawai. Idan wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, yana nan daram har sai ta sake shi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne haɗa kwamfutoci. Kamfanin Sun Microsystems, wanda aka kafa a 1982 a Kalifoniya, yana sayar da injuna a zamanin da faifai ke da ɗan karen tsada, don haka ya so injuna da yawa su ci daga faifan babbar inji guda. Wannan ne NFS, wanda ya fito cikin SunOS 2.0, Unix ɗin Sun, a 1985. Sai aka tarar zuciyar Unix ko'ina ta zura hannu kai tsaye cikin ainod, ainod kuma bai san wani gida ba sai faifan da ke kusa. Ba Sun kaɗai ta ci karo da wannan ba. Peter Weinberger ya yi nasa sauyin a bugu na takwas na Unix ɗin Bell Labs, kamfanin DEC ma ya yi nasa a Ultrix. Amma na Sun, wanda Steve Kleiman ya bayyana a takardarsa ta 1986, shi ne ya bazu, har AT&T ta ɗauke shi cikin Unix ɗinta, System V bugu na 4.

Dabarar ba ta da yawa, kuma a nan kyanta yake. Aka ƙirƙiro sabon kati, binod, wanda ba ya faɗin inda fayil yake. Abu biyu ne muhimmai a jikinsa: jerin ayyuka ashirin da wani abu, irin su nemo suna, ƙirƙira, cirewa, sauya suna, karanta folda, da kuma wata jaka ƙulle da dillali ba ya buɗewa. Mai faifan gida ya sa ainod ɗinsa a jakar. Mai NFS ya sa lambar da inji mai nisa ta ba shi. Na sama ya daina tambayar kai wane ne, sai dai ya ce yi kaza.

Wurin da na fi jinjina wa Kleiman da abokan aikinsa shi ne neman suna. A ce ana son /gida/aiki/rahoto. Dillali ba ya miƙa wa kowa hanyar gaba ɗaya. Yana tambayar tushe ina gida, ya tambayi gida ina aiki, ya tambayi aiki ina rahoto, ɗaki bayan ɗaki. Dalili kuwa, a kowace ƙofa ana iya tsallakawa wata rumfa: gida na faifan nan, aiki na wata inji a wani bene, kuma dillali kaɗai ya san inda aka jona su. Tsadarsa ita ce kowace tambaya ga inji mai nisa tafiya ce a waya, don haka dole aka riƙa ajiye amsoshin baya a ƙwaƙwalwa.

To, sai alkawarin da ba a rubuta ba ya taso. An gina NFS ta yadda inji mai faifai ba ta tuna wa ya buɗe me, domin idan ta mutu ta tashi, aiki ya ci gaba kamar ba a yi ba. Da kyau. Amma injin da ba ta san fayil a buɗe yake ba, ta yaya za ta jira a sake shi kafin ta goge? Manhajoji kuwa sun saba buɗe fayil na wucin gadi su goge sunansa nan take, su ci gaba da aiki da shi. Maganin da aka samo wayo ne tsagwaronsa: idan ka goge fayil ɗin da injinka ke riƙe da shi, sai a sauya masa suna a ɓoye zuwa wani abu da ya fara da .nfs da tarin lambobi. Duk mai kula da irin waɗannan injuna ya san takaicin: ka zo goge folda, a ce ba fanko ba ce, ka duba ba ka ga komai ba, ka ce a nuna ɓoyayyu, sai ga ɗan tahalikin zaune, ya ƙi fita sai ka gano manhajar da ke riƙe da shi. Idan kuwa daga wata inji dabam aka goge, wayon ba ya aiki, sai dai a ce maka lambarka ta ruɓe.

A ganina wannan ne zancen gaba ɗaya. Ana cewa dillalin ba shi da ɓangare, amma jikin tsohon tsarin Unix aka auna aka ɗinka rigar, duk wanda ya zo daga baya sai ya lanƙwasa.

Linux ta gaji wannan. A 1991 Linus Torvalds ya ari tsarin fayil na Minix, mai suna da bai wuce harafi 14 ba da faifai da bai wuce megabait 64 ba. A 1992 Rémy Card ya kawo ext, mai harafi 255 da gigabait 2, kuma don su zauna tare aka sa VFS, wanda Chris Provenzano ya fara rubutawa, Torvalds ya sake rubutawa. Da aka zo kan FAT na Microsoft, sai kwaikwayo ya fara. FAT ba shi da ainod, ba shi da mai fayil, lokacinsa ma daƙiƙa bibbiyu yake ƙirgawa. Sai a ƙera masa ainod na ƙarya a ƙwaƙwalwa, a laƙaba wa duk fayilolinsa mai gida ɗaya. Yawanci ba a ganewa. Amma je ka rumfar masu tura fina-finai, ka ga an ɗauko fim mai gigabait 5 za a zuba a memori mai sarari fal, kwamfuta ta ce ya yi girma. Memorin lafiyarsa ƙalau. FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, dillali kuma ba shi da abin yi sai kawo saƙon ƙi.

Sauran tarihin faɗaɗa kasuwa ne. Tun 1984 Tom Killian ya nuna ana iya jera manhajojin da ke gudana tamkar fayiloli a /proc, ba tare da faifai ba. Mutanen Bell Labs suka kai abin ƙarshe a Plan 9, inda kusan komai ke magana da yaren fayil guda, 9P. Babbar manhajar ba ta yi kasuwa ba, amma yaren yana nan da rai. A 2005 FUSE na Miklos Szeredi ya shiga Linux, kowa ya samu damar buɗe rumfarsa ba tare da taɓa zuciyar babbar manhaja ba. A 2014 aka karɓi OverlayFS, mai shimfiɗa tsari kan tsari. Masu yaren rubuta manhaja na Go kuwa, a 2021, suka rage abin da suke nema daga tsarin fayil zuwa aiki ɗaya tilo, buɗewa, sauran kuma wanda zai iya ya ƙara.

Baƙon da ya fi wahalar da tsohuwar rigar shi ne ma'ajin intanet. S3 na Amazon, wanda ya fito a 2006, asalinsa ba shi da folda; dogayen sunaye ne kawai masu alamar / a ciki. Mutane suna jona shi ta FUSE ya fito tamkar faifai. A faifan gida, sauya sunan folda gyaran layi ɗaya ne. A can kuwa, folda mai hoto dubu goma sai an kwafi kowane hoto zuwa sabon suna an goge tsohon, ɗaya bayan ɗaya, kuma idan intanet ta yanke a tsakiya, wasu suna nan, wasu suna can.