Yadda Kiristocin Dā Suke Karatu a Azumin Kwana Arba'in

Wajen shekara ta 381 wata mata mai suna Egeriya ta taso daga yammacin Turai ta je ziyara Urushalima, ta kuma rubuta wa 'yan'uwanta mata abin da ta gani. A lokacin azumin da ke gabatar Ista, kowace safiya akan ajiye wa bishop kujera a babbar majami'a, masu shirin baftisma su zauna kewaye da shi. Sa'a uku yake yi yana bi da su cikin Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, ya fara da ma'anar zahiri, sannan ya shiga ta ruhaniya. A zamanin nan samun littafi sai mai hali, don haka yawancin masu bi da kunne suka yi karatunsu, suna zaune a gaban malami, cikinsu babu abinci.

Wanda ya mai da ɗabi'ar karatu a azumi doka shi ne Benedik, wanda ya kafa gidan sufaye a dutsen Monte Kasino na Italiya wajen 529. Babi na 48 na ƙa'idarsa ya ce a farkon azumi a ba kowane sufi littafi guda, ya karanta shi bi da bi daga farko har ƙarshe. Akwai dattijo ɗaya ko biyu da ke zagayawa, kada wani ya ajiye littafi ya kama hira. A ganina hikimar tana cikin wannan bi da bi ɗin. Wanda aka hana tsallake shafi dole ya ci karo da nassin da ba ya so, wanda ke tona masa asiri, kuma ba shi da damar gudu zuwa wanda ke masa daɗi. Babi na gaba ya ƙara wani abu: duk wanda zai ƙara addu'a ko ya rage abinci a azumi, sai ya nemi izinin shugaban gidan, in ba haka ba a lissafa masa shi a matsayin riya. Benedik ya san ko ibada ma tana iya kumbura wa mutum kai.

Al'adar ta yi ƙarko. A ƙarni na 11, Lanfrank, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya tsara yadda ake yi: ranar Litinin ta farkon azumi a shimfiɗa darduma, a jera littattafai, a kira sunan kowa ya dawo da na bara. Wanda bai kai ƙarshen nasa ba sai ya faɗi rubda ciki ya nemi gafara a gaban 'yan'uwa. A ƙarni na 12 kuma wani sufi, Gigo na Biyu, ya jera matakai huɗu: karatu, tunani, addu'a, sai natsuwa a gaban Allah. Martin Luta, duk da rabuwarsa da cocin Roma, bai yar da wannan ba; a 1539 ya ce da addu'a ake farawa, sai tunani, sai gwaji.

Injin ɗab'i ya sauya lamarin. A 1551 Robat Estiyen ya buga Sabon Alkawari da lambobin ayoyi. Neman nassi ya zo da sauƙi, haka ma tsinke aya guda a tafi da ita fagen gardama. A 1965 kuma taron Batikan na Biyu, da yake kwaɗaitar da Katolika su riƙa karatu da kansu, ya gindaya cewa addu'a ta riƙa tafiya tare da karatun.

A ƙasar Hausa cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, bayan shekarun aikin Dokta Walta Mila na Zariya da abokan aikinsa, yau kuwa yana cikin wayar hannu. Daga Larabar Toka, ranar farkon azumi, zuwa Ista, mai bi ya zaɓi littafi guda, ko Markus mai babi 16 ne, ya roƙi Allah fahimta kafin ya buɗe, kuma kada ya tsallake ko aya ɗaya.